Shekarar da Shanu Suka Cinye Ajina

Na ji abin da ya faru a taron rabon azuzuwa na bana. An ce uku daga cikinku kowa ya ɗaga hannu yana so a ba shi ajin farko, wai can ake hutawa: a yi waƙa, a yi tafi, a zana haruffa biyu, sai a tashi. Da direktanku ya faɗa mini, sai da na ajiye kofin da ke hannuna don dariya. Shi ya sa na ce ya turo mini ku. Ku gyara zama, ƴaƴana, ga ruwa nan cikin randa. Sunana Zuwaira, amma duk Dakoro Madam Zuwaira ake ce mini, har jikokina. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli a lakwal, wato makarantar gwamnati, da ke bayan kara, inda ake cinikin dabbobi. Ashirin da huɗu daga ciki a ajin farko na yi su. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na zaɓa, don na iya shi.

Ranar da na fara aiki, na zo daga horon malamai a Maradi da sabon kayen shiri, wato littafin tsara darasi, na rubuta abin da zan yi a kowane minti. Na tarar da yara sun haura tamanin, zaune a ƙasa cikin rumfar zana. Na tsaya gabansu na gaishe su da Faransanci mai kyau, irin wanda aka yabe ni a kansa. Wajen rabinsu suka fashe da kuka. Wani ya sulale ta ƙarƙashin zana ya bi uwarsa da gudu. Biyu suka kama kokawa a kan takalmi ɗaya. Na ɗaga murya, suka ɗaga tasu ta fi tawa. Kafin a buga ƙarfen hutun safe, muryata ta dishe, ban koyar da ko harafi guda ba.

Direktanmu a lokacin Mushe Mamman ne (mushe muke ce wa malami namiji), mutumin Birnin Lalle, dogo, mai magana a hankali. Ya ji hayaniya ya shigo. Ya durƙusa daidai tsawon yaran, ya fara tafi a hankali, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Suka bi shi. Ya rage ƙarfin tafin, suka rage. Ya tsaya, suka tsaya. Rumfa ta yi tsit. Sai ya juyo ya ce mini da Hausa, “Madam, wanda ya yi ihu a cikin aji ya riga ya faɗi. Kawo kujerarki nan baya, sati guda kallo kawai za ki yi.”

Na ji kunya, amma na zauna. A satin nan na koyi abin da ba a rubuta mana a Maradi ba. Na koyi inda malami ke tsayawa, a gefen allo, kafaɗa ɗaya tana fuskantar yara, don kana rubutu kana ganinsu. Na koyi cewa ba a ba yaro ɗan shekara bakwai umarni biyu a jere. A ce ya ɗauko allonsa, a jira, sannan a ce ya ɗauko alli. Na koyi fitar da yara bayan gida layi-layi kafin su tambaya. Na koyi sunaye tamanin cikin kwana biyar, domin yaron da ba ka san sunansa ba ba ya jin da shi kake.

Babban allonmu katako ne da aka jingina da turaku biyu. Duk wata biyu baƙinsa yake koɗewa, har rubutu ya daina fita. Fentin allo kuwa wani lokaci ya zo, wani lokaci shiru. Mushe Mamman ya nuna mini yadda ake fasa tsofaffin baturan rediyo, a kwashe baƙin garin ciki, a dama shi da ƙaro da ruwa kaɗan, a shafa da tsumma, a bar shi a inuwa ya bushe. In ka shanya a rana sai ya tsattsage. In ƙaro ya yi yawa sai ya yi santsi, alli ya ƙi kamawa. Sau uku ina ɓatawa kafin hannuna ya san ma'auni. Alli kuma kowanne gida uku nake karya shi, guntayen da suka rage in tara a gwangwanin tumatir, don ranar da kwali zai ƙare wani bai iso ba.

Lissafi da kara muke yin sa. Bayan girbi nakan sa kowane yaro ya kawo siraran karan gero, mu yanka su tsawon ɗan yatsa, mu ɗaure goma-goma da zare. Yaron da ya kwance dami ɗaya da hannunsa don ya cire bakwai daga sha uku, ba ya sake tambayar me ake nufi da aro. Haruffa kuwa a kan rairayi muke fara su. Allah ya hore wa Dakoro rairayi, ba ya ƙarewa, kuma ba a saya. Sai yatsa ya saba da zagayen harafi a ƙasa sannan nake ba yaro arduwaz, wato ƙaramin allon hannu.

Arduwaz ɗin nan shi ne idon malami, ku riƙe wannan. In faɗi abu, in buga tebur sau ɗaya, su rubuta. In buga sau biyu, kowa ya ɗaga nasa sama. Cikin numfashi uku na san wanda ya gane, da wanda ya leƙa na maƙwabci, da wanda ya juya harafi ya kalli hagu. Sabon malami yana duba layin gaba ya ce aji ya gane. Ni daga layin baya nake farawa.

Akwai kuskuren da na yi a shekarata ta farko, gara ku ji shi daga bakina. Wani yaro, Ila, ɗan mai gyaran keke, yana zaune a can baya. In kira shi ba ya amsawa. In buga tebur, sai ya ga wasu sun ɗaga sannan ya ɗaga nasa, ba komai a kai. Na ɗauka taurin kai ne. Kwana uku ina sa shi durƙuso. Rana ta huɗu Mushe Mamman ya leƙo ya gan shi. Ya ɗauki kwanon sha na ƙarfe, ya zagaya bayan yaron, ya sake shi a kan dutsen da muke danne zana da shi. Duk aji suka zabura. Ila bai ko waiga ba.

Mushe Mamman ya ce, “Madam, kin hori kunne, ba ki hori yaro ba.”

Da yamma na je wurin ubansa, muka kai shi likita. Kunnen hagu ya riga ya mutu, na dama yana ruwa amma an samu ya warke. Na dawo da shi gaba, ta hannun da kunnensa mai ji yake fuskantata, kuma na koyi yin magana bakina yana kallonsa. Ya iya karatu kafin ƙarshen shekara. Tun daga nan, duk satin farko sai na gwada ido da kunnen kowane yaro kafin in ba shi wurin zama. Ba na'ura nake da ita ba. Raɗa nake yi daga baya, in kuma zana ƙaramin harafi a allo in ce a faɗa mini ina ya dosa.

Iyaye su ne masu kayan, kuma kowanne da irin hannun da ake karɓarsa. Ranar rubuta sababbi, uwa za ta kawo yaro ba takardar haihuwa, ta rantse shekararsa bakwai. Sai in ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunnen ɗaya gefen. In bai kai ba, in ce, “Yaya, ki ƙara masa tuwo, baɗi ina nan.” In ya kai, in rubuta shi, in kuma rubuta sunan uban a jerin waɗanda za mu raka meri, ofishin magajin gari, neman takarda, tun kafin rashinta ya hana yaron jarrabawa bayan shekara shida. Mahauta da dillalan kara sukan janye ƴaƴansu ranar kasuwa. Ban taɓa aika musu takardar gargaɗi ba, wa zai karanta? Da ƙafata nake zuwa, in gaishe da mutum a gaban abokan sana'arsa, in yabi ɗansa da abin da ya iya da gaske, sannan in ce, “Gobe muna shiga sabon harafi, in ya rasa shi sai ya yi sati yana ɗingishi.” Mutum goma, takwas sukan turo.

To, bari in zo kan muguwar shekara.

Damina ta yi gardama. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, aka sake, ya sake ɗaukewa. Gero bai kai gwiwa ba a gonaki da yawa, daga nan har Mai Yara. Ku da kuke koyarwa cikin ginin siminti ba za ku gane abin da wannan yake nufi ga lakwal ba. Ajin zana duk shekara ake sake shi, iyaye ke kawo kara da ciyawa bayan girbi. A shekarar nan kara ya zama abincin dabba, wanda ya samu ba ya bayarwa. Da kyar muka harhaɗa tsofaffin zanaki na bara muka tayar da rumfa, ta yi ɓula ko'ina.

Wata biyu da komawa lakwal, Fulani makiyaya suka fara gangarowa daga arewa, daga wajen Azagor. Ciyawa babu, sun zo kusa da kara, kasuwar dabbobin nan, don su sayar da wasu shanun su sayi dusa su ceci sauran. Suka kafa bukkoki a filin da ke bayan lakwal ɗinmu. Kullum ina ganin ƴaƴansu suna leƙe ta ɓular zana. Wata safiya ina tsakar darasi, na ji wata siririyar murya daga waje tana maimaita abin da aji ke faɗa, daidai, ba kuskure. Na fita na tarar da yarinya da ɗan kwando a kai. Ta ruga. Na bi sawunta har bukkarsu.

Ubanta sunansa Juli, mutum mai ƙarancin magana, Hausarsa tana fita da kyar amma tana fita. Yarinyar Hassi. Na ce masa ina son ta shigo ciki maimakon leƙe. Ya ce, “In kin ɗauki tawa, na ƴan'uwana fa? Tare muka zo.” Na tambaya su nawa ne. Sha tara.

Mushe Mamman ya ƙi da farko, kuma yana da hujja. Ya ce, “An rufe rajista, na riga na kai lissafin yara biron ansipekta, ofishin mai duba makarantu. Ajinki ya kusa ɗari. Ba su jin Hausa sosai, balle Faransanci. Kuma ranar da ruwa ya sauka za su tahi, ki yi wahalar banza.”

Na ce, “Mushe, ko na ƙi su, suna nan jikin zana suna ji. Gara su ji a zaune da arduwaz a hannu.”

Ya ce, “Wa zai yi miki tafinta?”

Na ce ya ba ni kwana biyu.

Akwai wata tsohuwa a cikinsu, Inna Dijo, kakar Hassi. Shekaru ta yi tana kawo nono Dakoro, Hausa a bakinta kamar a nan aka haife ta. A shekarar nan ba nonon da za ta sayar, tana zaune kawai. Na roƙe ta ta riƙa zama a bayan aji. Ta ce, “Ɗiyata, ni ban san baƙi ko ɗaya ba.” Na ce ba baƙi nake so ta sani ba, abin da na ce a yi shi za ta faɗa musu da harshensu. Ta zo da ƴar tabarmarta. Mushe Mamman ya ga haka, ya hau babur ya je ya ƙara sunaye sha tara a biron ansipekta, ya dawo ya ce mini, “Kin ɗauko, sai ki sauke.”

Ga yadda na yi. Ban tara su wuri guda ba, na raba su, kowanne na sa shi tsakanin ƴan gari biyu. Na koyi ƙirga da Fulatanci daga bakin Inna Dijo, go'o, ɗiɗi, tati, har goma, ina faɗa suna dariyar bakina, kuma dariyar ce ta kwance su. Da muka zo haɗa baƙi da wasali, na zana saniya a allo. Ƴan Fulani suka ce nagge. Na zana tsoka, ƴan gari suka ce nama. Na ce to ku saurari farkon kowanne, na rubuta “na” da girma. Ranar nan aji biyu suka zama ɗaya. Arduwaz bai isa ba, na sa kafinta ya yanka mini tsohuwar ƙofa, na shafe guntayen da baƙin batir.

Yunwa kuma ta shigo aji, ba ta bar ɗan gari ba, ba ta bar baƙo ba. Da hantsi sai ka ga kai yana faɗuwa kan gwiwa. Na juya tsarin rana gaba ɗaya: karatu da lissafi tun da sanyin safiya, waƙa da zane bayan hutu. Matan unguwa suka yarda kowace ta riƙa kawo abin da ya sawwaƙa na gari, ana dama kunu mai ruwa-ruwa a gidan da ke kusa. Ba ya ƙosarwa, amma yana riƙe yaro har azahar.

Ana cikin haka muka tafi hutun sati biyu, zafi ya fara. Ranar komawa na zo da sassafe, na tsaya. Ajina babu. Turaku ne kawai a tsaye, da allo a kife, da kashin shanu ko'ina. Shanun makiyaya, da yunwa ta ci ƙarfinsu, sun cinye zanakin tas, bango da rufi, har igiyar kaba da aka ɗaure da ita.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Shugaban ƙungiyar iyaye, Alhaji Sabi'u mai shagon hatsi, ya kira taro a gindin itacen bedi na lakwal. Ba mugun mutum ba ne, shi ya fi kowa kawo gari don kunu, amma ransa ya ɓaci. Ya ce, “Mun yi haƙuri an cusa mana baƙi, ƴaƴanmu sun matsu, karatu ya ja baya. Yau kuma dabbobinsu sun cinye abin da muka sha wuya muka kafa. Su kwashe ƴaƴansu da shanunsu su matsa gaba.” Mutane da yawa suka ce haka ne.

Na nemi izini na yi magana. Na ce, “Alhaji, zancen zana gaskiyarka ne, ba ni da abin cewa. Amma zancen karatu ya ja baya, wannan aikina ne, ka bari in nuna.” Yaran suna nan kusa, na sa suka zauna a rairayi yadda suka saba, a gauraye. Na buɗe kayen shirina na bara da na bana, na nuna wa Mushe Mamman a gaban kowa, ya tabbatar tazarar darasi ɗaya ce kawai tsakaninsu. Sannan na faɗi kalma, na tafa sau ɗaya, na tafa sau biyu, alluna suka tashi sama. Na ba da lissafi, suka sake tashi. Na ce, “Alhaji, kai kana karatu. Zagaya ka duba.” Ya zagaya a hankali, hannu a baya, layi bayan layi. Ya dawo ya zauna. Ya ce, “Karatu kam yana nan. Saura rumfa.”

Sai Juli ya miƙe daga can gefe, inda shi da mutanensa suka tsuguna. Ya ce, “Shanunmu suka ci. Ban musa ba. Yunwa ce, amma ba hujja ba ce. Kara ba mu da shi. Abin da muke da shi za mu kawo.”

Washegari suka zo da tabarmin kaba na bukkokinsu, waɗanda suke kwana a ƙarƙashinsu. Matansu suka ɗinke su biyu-biyu aka yi bango. Rufi ya gagara, sai ga amalanke daga shagon Alhaji Sabi'u cike da buhunan da aka juye, aka farke su aka ɗinka. Mazan kuma suka shiga daji suka jawo ƙaya, suka kewaye ajin da shinge irin wanda suke yi wa maruƙa, mai ƙofa ɗaya. Ban taɓa samun aji mai tsaro kamar wannan ba. Ko akuya ba ta sake kusantarsa ba. Kwana uku kacal muka yi a gindin bedi. Ansipekta da ya zo zagaye ya daɗe yana kallon rufin buhun nan, ya rubuta abin da ya rubuta, kuma daga rahoton nan aka fara maganar ginin da kuke ciki yanzu, ko da yake sai da muka yi shekara uku muna sintiri a meri kafin a aza tubali.

Abin da Mushe Mamman ya faɗa tun farko bai fasa zuwa ba. Saura kwana goma sha biyu a yi kwamfozisiyon ƙarshen shekara, wato jarrabawar wucewa aji na gaba, aka yi ruwa mai ƙarfi a arewa. Da azahar Juli ya zo bakin shinge ya ce, “Madam, mun gode. Gobe da asuba muna tashi.”

Na ce, “Baban Hassi, in sun tahi ba takarda, duk lakwal ɗin da suka je daga farko za a mayar da su, in ma an karɓe su. Ka ba ni kwana goma sha biyu.”

Ya ce, “Shanun da suka rage ba su kai kwana goma sha biyu a nan. Jiya biyu suka kwanta ba su tashi ba.”

Na san gaskiya ya faɗa, na gan su da idona. Na ce, “To ba ni gobe zuwa rana tsaka.”

Ya juya ya yi magana da Inna Dijo da harshensu, ta amsa masa da kaifi. Ya ce, “Maza su wuce da shanu. Ni da mata da yara mu bi su in rana ta take tsaka. Ko ɗan kaɗan ba zan ƙara ba.”

Jarrabawa ba a yin ta yadda malami ya ga dama. Mushe Mamman ya hau babur cikin zafin nan ya je biron ansipekta, ba ya nan, ya bi shi har wani ƙauye a hanyar Birnin Lalle. Ya dawo kafin magariba da izini a rubuce: a yi wa yaran tasu daban, direkta ya tsara tambayoyi, shi zai tsare, ni kada in shiga. Haka ya dace, kuma haka aka yi. Da safe na kwashe ƴan gari muka koma gindin bedi, na bar masa sha tara a cikin aji. Ina koyarwa ina jin bugun teburinsa, ɗaya, biyu. Jakuna suna tsaye a bakin shinge, an riga an ɗaure musu kaya.

Sha huɗu suka wuce. Biyar ba su kai ba, kuma ban roƙa a ɗaga musu ba, su ma an rubuta musu takardar shaidar sun yi aji, da inda suka tsaya. Mushe Mamman yana rubutawa yana buga hatimi, ni ina busawa ina ninkewa. Na zuba duka cikin leda biyu saboda ruwa, na ɗaure, na ba Inna Dijo. Na ce ta kai wa mushen lakwal ɗin Azagor hannu da hannu, kada ta ba kowa ajiya. Ta cusa cikin ƙwaryar da take adana kayanta masu daraja. Tabarminsu suka ce mu riƙe har a yi hutu. Inuwa tana ƙarƙashin ƙafa suka kama hanya.

Ba zan ce muku duka suka ci gaba ba. Makiyayi yana bin ciyawa ne, ba lakwal ba. Bayan an koma karatu da wata guda, wani direban motar kasuwa da ke zuwa Azagor ya tsaya a ƙofar lakwal yana tambayar Madam ta ajin ƙaya. Ya ba ni takarda daga mushen can. Ya ce tsohuwa ta kawo masa ledar a ɗaure yadda aka ba ta, yara takwas sun zauna, shida a aji na biyu, sauran iyayensu sun yi gaba. Ya ce ya gwada su da kansa, bai sauke ko ɗaya ba.

A cikin takardar akwai wata, fallen kaye da aka yage, rubutun fensir manya-manya. Hassi ce. Layi uku ne da Faransanci: tana gaishe ni, tana aji na biyu, saniyarsu ta haihu. Ba wanda ya rubuta mata, na san hannunta, na san yadda take jan wutsiyar harafi. Kuskure huɗu na gani a ciki. Direba yana tsaye yana jira ko akwai amsa. Na zaro jan bik, alƙalamin da nake gyara da shi, daga ɗankwalina, na ja layi a ƙarƙashin kowanne, na rubuta daidai a gefe, na ninke na ce ya mayar mata.

Ya ce, “Haba Madam, yarinya ta aiko gaisuwa daga uwa duniya, ki mayar mata da jan bik?”

Na ce, “Kai dai kai mata.”

Ranar kasuwa ta gaba ya dawo yana dariya tun daga cikin mota. Ya miƙo mini fallen nan dai. A bayansa ta sake rubuta kowace kalma sau biyar, a layi, ba kuskure ko ɗaya.